Sau Nawa Iskar Ɗakinka Take Sauyawa a Awa Ɗaya? Lacca a Garin Sandamu



 Ina miƙa gaisuwa ga uban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Ranka ya daɗe Hakimi, tare da dagatai da masu unguwanni, barkanku da zuwa. Iyayenmu limamai da alarammomi, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu da malamansu, ma'aikatan asibiti da duba-gari, ina gaishe ku. Gaisuwa ta musamman ga magina da kafintoci da masu walda, domin rabin maganar yau a hannunku take. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Waɗanda suka yo sammako daga Fago, Karkarku, Kwasarawa da Rijiyar Tsamiya, da baƙinmu na Daura, Mai'aduwa, Zango da Baure, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan yadda ake lissafa sau nawa iskar ɗaki take sauyawa cikin awa ɗaya. Kada kalmar lissafi ta tsorata kowa. Duk wanda ya iya ƙididdige bulo nawa katanga za ta ci, ya iya wannan. Ninkawa ne da rabawa, kuma kowannenmu yana da kalkuleta a wayarsa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan a kan hatsi ne. A kan iska ido ba ya ganin komai, fata kuma tana yaudarar mai ita, don ɗaki yakan yi sanyi mai daɗi alhali iskar cikinsa tun ta jiya ce. Shi ya sa dole a auna.

Batu na farko: me ya sa za mu damu?

Babban mutum yana shaƙar iska sama da lita 10,000 a kwana ɗaya. Ruwan da yake sha bai wuce 'yan litoci ba. Amma wa zai yarda ya sha ruwan da wani ya kuskure baki da shi? Ba kowa. To, a ɗakin da yake rufe, numfashin da na fitar shi kake ja, naka kuma ni nake ja, ba tare da ɗayanmu ya sani ba.

A shekarun 1950, a wani asibiti da ke Baltimo ta ƙasar Amurka, wani likita mai suna Richard Riley da abokan aikinsa suka janyo iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu, suka kai ta inda aka ajiye ɓerayen Masar a keji. Ɓerayen nan ba su taɓa haɗuwa da majinyatan ba, ba su ci abincinsu ba, iskar kawai suka shaƙa. Wasu daga cikinsu suka kamu da tarin fuka. Daga nan gardama ta ƙare: cutar tana tafiya a iska. Kuma ku sani, a duk nahiyar Afirka, Nijeriya ce ta fi yawan masu tarin fuka. Ƙyanda ma haka take, ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Korona kuwa duk mun gan ta.

Sai sanƙarau, wanda mu 'yan wannan yanki ba a ba mu labarinsa. Muna cikin zirin ƙasashen da ya faro daga Sanagal ya dire a Habasha, inda cutar take tashi lokacin rani. A 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. A 2017 ta dawo, Zamfara da Sakkwato da jiharmu ta Katsina suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, aka rasa rai sama da 1,000. Mutanenmu kan ce zafi ne ke kawo ta. Ba zafi ba ne, ƙwayar cuta ce da ke zama a maƙogwaro. Busasshiyar iska da ƙura su kankare mata hanya, cunkoso a wurin kwana kuma ya ba ta damar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Maganinta na farko allurar rigakafi, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce taga ta maye gurbin allura. Amma rage cunkoso da buɗe ɗaki suna cikin abin da yake hannunmu, ba sai mun jira kowa ba.

Batu na biyu: mene ne sauyin iska, kuma yaya ake buga shi?

Ka fara da sanin cikin ɗakin. Tsawo sau faɗi sau tsayi daga daɓe zuwa silin. Mu ɗauki aji mai tsawon mita 8, faɗin mita 7, tsayin mita 3. Takwas sau bakwai 56, sau uku 168. Ke nan ajin nan yana ɗauke da iska kubik mita 168. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne.

Idan cikin awa ɗaya sabuwar iska daga waje, kubik mita 168, ta shiga ajin, makamanciyarta ta fita, sai mu ce iska ta sauya sau ɗaya. In 336 ce ta shiga, sau biyu. Ƙa'idar ke nan gaba ɗaya: iskar da ta shiga cikin awa ɗaya, a raba ta da cikin ɗakin. Amsar ita ce adadin sauyin iska a awa.

A nan mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton in iska ta sauya sau ɗaya, shi ke nan tsohuwar ta fita duka. A'a. Ka ɗauki randa cike da ruwa mai laka, ka riƙa tsiyaya mata ruwa mai kyau tana ambaliya ta baki. Ko ka zuba cikin randa guda cur, ruwan bai yi garau ba, domin sabon da tsohon sun gauraya, tare suke zuba. Haka iska take. Bayan sauyi ɗaya, kashi 37 cikin 100 na tsohuwar yana nan. Bayan na biyu saura kashi 14, bayan na uku saura 5. Ma'aikatan lafiya, ku riƙe wannan: in mai tari ya fita daga ɗakin duba marasa lafiya, kuna son kashi 99 cikin 100 na abin da ya bari ya fita, ku raba 276 da adadin sauyin iskar ɗakin, amsar mintoci ce. Ɗaki mai sauyi 2, minti 138. Mai sauyi 6, minti 46. Mai sauyi 12, minti 23. Tsakanin sama da awa biyu da minti 23, kun ga ai akwai tazara. Yanzu ku tuna matar da ke biye a layi, goye da jariri.

Batu na uku: nawa ake buƙata?

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na asibitocin da suka dogara da taga da ƙofa. Ta ce ɗakin kwanciya na gama-gari da wurin ganin likita a samar wa kowane majinyaci lita 60 a kowane sakan, ɗakin da ake keɓe masu cutar da ke bin iska kuwa lita 160. Inda ake amfani da inji, abin da aka saba nema shi ne sauyi 6 a ɗakin kwanciya, 12 a ɗakin keɓewa. A 2021, lokacin korona, hukumar ta ƙara da cewa gidaje da makarantu da ofisoshi su nemi lita 10 a sakan ga kowane mutum. A 2023 cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a nemi sauyi 5 ko fiye a duk inda jama'a ke zama.

Shawarata, ku fara da ƙirga kawuna, kada ku fara da adadin sauyi. Me ya sa? Domin adadin sauyi bai san mutum nawa ne a ɗaki ba. Babban zaure mai sauyi 2 da mutum uku a ciki ya fi ƙaramin shago mai sauyi 6 da mutum goma sha biyar lafiya.

Mu koma ajinmu. A ce yara da malami su 60 ne, kuma kun san akwai azuzuwan da suka wuce haka. Sittin sau lita 10, lita 600 a sakan. In za ka mayar da lita a sakan zuwa kubik mita a awa, ka ninka da 3.6. Ɗari shida sau 3.6 ya ba da 2,160. Raba da 168, ka sami kusan 13. Ajin nan yana buƙatar iskarsa ta sauya sau 13 a awa. Da su 40 ne, sau 9 ya isa. Kun ga yadda cunkoso yake ɗaga buƙata.

Allah ya gafarta malamai, masallaci ma haka. Masallaci mai mita 15 da mita 10, tsayi mita 4, cikinsa 600. In mutum 200 suka tsaya tarawihi ko tahajjud, buƙatarsu lita 2,000 a sakan, wato 7,200 a awa. Raba da 600, sau 12.

Batu na huɗu, kuma a nan zan daɗe: nawa ke shigowa ta tagoginmu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da hanyar ƙiyasi mai sauƙi. Abu uku ake ninkawa: gudun iska a waje, faɗin buɗaɗɗen wurin da take bi, da wata lamba. Lambar nan ita ce kan maganar. In ɗaki yana da mashiga da mafita a bango biyu masu fuskantar juna, lambar 0.65 ce. In kuwa duk tagogin a bango ɗaya suke, lambar 0.05 ce. Ku raba 0.65 da 0.05. Goma sha uku. Taga iri ɗaya, iska iri ɗaya, amma wanda ya buɗe ɓangare biyu ya ninka wanda ya buɗe ɓangare ɗaya sau 13. Dalili kuwa a fili yake: iska ba ta shiga inda ba ta da mafita.

In ɓangare biyu ne, da wanda ya fi ƙanƙanta ake lissafi, don shi ne maƙurar. Kuma in akwai ragar sauro a jikin tagar, a raba amsar gida biyu. Gudun iska kuma, in ba ka da na'ura, ka ɗauki mita 1 a sakan, wato 'yar iskar da ke kaɗa ganyen darbejiya a hankali. Gara ka ƙiyasta ƙasa ka sami ƙari.

Ajinmu, a ce kowane ɓangare yana da buɗaɗɗen wuri murabba'in mita 2. Sai mu ce 0.65 sau 1 sau 2, ya ba da 1.3, wato lita 1,300 a sakan. Sau 3.6, an sami 4,680. Raba da 168, kusan sau 28 a awa. Muna neman 13, mun sami 28. Ko da raga ce a jiki, 14 ne, ya wadatar. Ba inji, ba lantarki, ba ko sisi.

Yanzu a ce tagogin baya sun lalace, aka zo aka buga musu kwano da ƙusa, ko aka toshe su da bulo don kada yara su riƙa tsallakawa. Wa bai taɓa ganin irin wannan aji ba? Lissafi ya koma 0.05 sau 1 sau 2, lita 100 a sakan. Sau 3.6, 360. Raba da 168, sau 2 kacal. Yaron da ya kamata ya sami lita 10, bai sami ko 2 ba. Shigar ajin nan da ƙarfe goma sha ɗaya na safe za ka ji wani ɗumi da nauyi sun tare ka a bakin ƙofa, ka ga yaran layin baya sun kifa kai a benci. Sai a ce malalata ne. Kafin a ɗauki bulala, a dubi tagar da aka toshe.

Mu shiga gida. Ɗakin da magina ke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 kowane ɓangare, a mita 3.6 ne sau 3.6, tsayi mita 3, cikinsa kimanin 39. Uwa da 'ya'ya biyar, mutum shida. Buƙatarsu lita 60 a sakan, 216 a awa, wato sauyi 5 da rabi. Ɗakin yana da taga ɗaya mai rabin murabba'in mita, da raga, ƙofa kuma a kulle da dare. Lissafi: 0.05 sau 1 sau 0.5, lita 25, raga ta cinye rabi, saura 12 da rabi. Sauyi ɗaya da ɗan ɗoriya a awa. Kowannensu lita 2. In ɗaya yana tari, dukansu a cikin tarinsa suka kwana.

To, a kira magini ya huda bangon da ke fuskantar tagar, can sama kusa da silin, rabin mita sau rabin mita, a sa ƙarfe da raga. Faɗinta 0.25 ne. Yanzu 0.65 sau 1 sau 0.25, lita 162, raga ta raba, 81. Sau 3.6, raba da 39, sauyi 7 da rabi. Daga ɗaya zuwa bakwai da rabi, da 'yar kafa ɗaya tak. Don Allah, magina, wannan lissafin nake so ku tafi da shi gida.

Kafintoci da masu alminiyam, ga taku. A lissafi ba girman firam ake aunawa ba, wurin da iska ke bi ake aunawa. Tagar gilashi mai turawa gefe, wadda ake yayi yanzu, komai buɗewarta rabi ne kawai a buɗe, don ɗaya gilashin yana bayan ɗaya. Tagar luba da tagar katako ko ƙarfe mai ganye biyu kuwa kusan duk faɗinsu suke bayarwa. In mai gida ya nace sai mai turawa, ku gaya masa ya ninka girmanta. Labule mai kauri da aka sake a kanta shi ma yana cin nasa kason.

A 2007 aka wallafa wani bincike da aka yi a asibitoci takwas na birnin Lima ta ƙasar Peru. Da aka buɗe tagogi da ƙofofi, sai aka ga ɗakunan suna samun sauyi 28 a awa a tsaka-tsaki, fiye da ninki biyu na 12 ɗin da ake nema daga inji. Tsofaffin gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon silin da manyan tagogi, sun ba da 40, sababbin kuwa 17. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ku tuna tsofaffin azuzuwan firamaren da yawancinmu muka zauna a ciki, tagogi dama da hagu, ga baranda. Ba zan ce muku duk tsohon gini ya fi na yanzu ba. Ɗakin soro na ƙasa yana da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu, amma tagarsa 'yar mitsitsiya ce. Sai dai iyayenmu ba a ɗaki suke wuni ba. A tsakar gida ake girki, a gindin bishiya ake hira, da bazara kuma a waje ake shimfiɗa tabarma a kwana. Mu ne muka koma ɗaki, muka rufe jinka da kwano da silin, muka ja ƙofar ƙarfe muka sa sakata, amma muka bar taga yadda take tun zamanin kakanni.

Batu na biyar: fanka da na'urar sanyaya ɗaki.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, ai muna da fanka. Fankar sama da ta tsaye ba sa kawo sabuwar iska, wadda ke ciki suke juyawa. A ɗaki rufaffe, sauyin da suke ƙarawa sifiri ne. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a bango ita ma haka: iskar ɗakin take zuƙa, ta sanyaya, ta mayar. Masallatai da ofisoshin da suka sa ta suka rufe ko'ina, sun sami sanyi, amma numfashin juna suke maimaitawa. A bar taga ɗaya kowane ɓangare a ɗan buɗe, tsakanin salla da salla kuma a wangale duka.

Fankar da ke sauya iska ita ce wadda ake kafawa cikin bango tana zuƙowa tana fitarwa waje. A jikin kwalinta ana rubuta ƙarfinta, ko da kubik mita a awa, ko da haruffa uku, CFM, wato kubik ƙafa a minti. In CFM ka gani, ka ninka da 1.7. Ɗakin duba marasa lafiya mai mita 3 da 4 da 3, cikinsa 36. Kana son sauyi 12, ke nan 432 a awa, kimanin CFM 250. Ka sayi wadda ta ɗara haka, don ƙura da raga da raunin wuta suna rage mata ƙarfi. Ka bar mata mashiga a ɗaya ɓangaren, in ba haka ba ƙara kawai za ta yi ta yi. Kuma a kafa ta bayan majinyaci, yadda iska za ta taso daga wajen ma'aikaci ta bi ta kan majinyaci ta fita, ba akasin haka ba. In kana son ganin inda iska ta nufa, kunna turaren tsinke ka riƙe a bakin taga, hayaƙin zai nuna maka.

Akwai kuma ƙaramar na'ura ta hannu mai auna iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. A waje tana nuna kimanin 420. Tun 1858 wani masanin Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce in ta haura 1,000 a ɗaki, iskar ta tsufa, har yau kuma ana aiki da wannan ma'auni. Da ita za ka iya gane sauyin iska kai tsaye. Da an tashi yara, a bar tagogi yadda suke lokacin darasi, a ajiye na'urar, kowa ya fita. A ce ta nuna 1,620. Cire 420 na waje, saura 1,200. Rabinsa 600, ke nan ka jira ta sauko 1,020. Ka raba 42 da mintocin da ta ɗauka. In minti 20 ne, sauyi 2. In minti 5 ne, sauyi 8. Guda ɗaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ta isa ta zagaya makarantunmu duka.

Batu na shida: uzurorin jama'a, kuma uzurori ne na gaskiya.

Ba wauta ce ta sa mutane toshe taga ba. Akwai ɓarawo, akwai sauro, akwai sutura ta iyali, akwai ƙurar hunturu. Kowanne da amsarsa. Na ɓarawo da sutura, a ɗaga kafar sama da tsayin mutum, a sa ƙarfe, ko a jera bulo mai huji. Yin ta a sama yana da wata fa'ida: iska mai zafi sama take tashi, don haka ko a daren bazara da ganye ba ya motsi, zafin jikin masu barci yana tura iska ta fita ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Na sauro, a sa raga, a tuna tana cin rabi, a riƙa kakkaɓe ta, don raga mai ƙura bango ce.

Hunturu fa? Iskarsa daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Ba sai an wangale komai ba. Ajinmu na ɗazu, in iska tana gudun mita 2 a sakan, a buɗe kashi ɗaya cikin huɗu kawai na ɓangaren da take bugowa, rabin murabba'in mita, a buɗe ɗaya ɓangaren sosai. Lissafi: 0.65 sau 2 sau 0.5, lita 650. Muna neman 600. Ya isa. Yara su sa rigar sanyi, a matsar da benci daga bakin tagar. Tsangayu ma, inda almajirai ke kwana da yawa a zaure ɗaya, wannan dabarar ta fi rufe ƙofa ruf.

Wanda zai yi sabon gini kuma, kada ya manne bangonsa da na maƙwabci. Tagar da ke kallon katanga taku ɗaya ba ta cika lissafin nan.

Batu na bakwai gajere ne, amma rai ne a ciki. Akwai inda lissafin nan ba ya aiki sam. Janareta da kaskon gawayi suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mai barci bai farka ba. Babu adadin tagar da zai halatta kunna janareta a ɗaki, ko a shago, ko a lungun da ke bakin ƙofa. A kai shi fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa. Iyayenmu mata, ɗakin mai jego da ake hura wa wuta a ja ƙofa, a yi hattara, jariri ne ke fara galabaita. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai da jiri da amai lokaci guda, a fito da su fili nan take, a nufi asibiti. Wanda kuma ya yi mako biyu yana tari, ya je a duba majinarsa, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ranka ya daɗe Hakimi, ina da roƙo biyu. A umarci kowane shugaban makaranta ya auna azuzuwansa da tef, ya rubuta cikin kowane aji da yawan yaransa da faɗin tagogin da ke buɗuwa da gaske, a fara cire kwanon da aka buga wa tagogin baya tun wannan zangon. Sannan shugabannin magina su yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su rufe ɗakin kwana ba sai da kafa a bango biyu.

  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma yake riƙe da awon ɗakinsa ko ajinsa ko shagonsa a ka, ya faɗa, ga allo ga alli, mu buga tare.